Buzun cikin aljihu

A wani ƙauye na gundumar Dungas, ba nisa da iyakar Najeriya, akwai wani malamin lakkwal wanda mutanen gari suka daɗe ba su san inda za su aje shi ba. Yana salla cikin jam'i, ba ya cin bashin kowa, yaran ajinsa suna iya karatu da lissafi daidai gwargwado. Abu guda ne ake ƙus-ƙus a kansa. A ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin ƙarfe, kuma a cikin akwatin nan, maimakon takardun shaidar karatu ko tufafin salla, ƴan mutum-mutumin roba ne sun fi arba'in, kowanne naɗe a ƙyallensa, waɗansu da rawani, waɗansu da takobi. Magidanci mai mata da ƴaƴa uku, wanda ya ba shekara 35 baya! Masu sauƙin baki suna cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Masu kaifin baki kuwa cewa suke girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan ƴan tsaki.

Asalin abin a Magariya yake, cikin kakar 1998, lokacin yana da shekara 9. Kawunsa ɗan gwanjo ne a kasuwa. A wancan zamani dilolin tsofaffin tufafi suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, manyan motoci su hauro da su Maraɗi da Damagaram, daga nan mafi yawansu su silale Najeriya, inda doka ta hana shigo da gwanjo amma kasuwa ba ta hana ba. Abin da ya rage shi ake kwancewa a garuruwan bakin iyaka. Ranar da aka yanke langalangar dila, aikin yaron shi ne laluben aljihu kafin a rataye kaya. Abin da ake samu bai wuce tsohon tikitin mota ba, ko hankici, ko kwabban wata ƙasa da ba a karɓa a nan. To, a aljihun wata ƴar kwat ta yara sai yatsansa ya taɓa wani abu mai tauri.

Mutum ne na roba, tsawonsa bai cika santimita 10 ba, launinsa launin rairayi. Kansa a naɗe yake ruf, ba baki ba hanci, sai idanu biyu masu kama da bakin bututu, da ƴan ƙayoyi a tsakar ka, da ɗamara biyu gicciye a ƙirji. Hannuwansa suna juyawa daga kafaɗa, ƙafafunsa daga ƙugu. Kawun ya jujjuya shi, ya ce tsintacciyar mage ba ta mage, ya miƙa masa.

Ba a yi gardamar suna ba. Lokacin ne ayarin gishiri yake isowa kudu daga Bilma, Buzaye suna sauke kantu da dabino a bayan gari suna musanya da hatsi, kowannensu ya ja amawali har ƙasan ido. Duk yaron da ya ga abin nan sai ya ce Buzu ne. Buzu kuwa, a idon yaran Magariya, ba ƙaramin mutum ba ne: shi ne wanda yake ratsa Tenere da raƙuma ba ya ɓata, wanda ba a taɓa ganin bakinsa yana tauna ba, wanda takobinsa ba ya rabuwa da kafaɗarsa. Ke nan tun daga ranar farko sarauta aka ba shi.

Wajibi ne mai karatu ya tuna cewa yaran wancan lokaci ba sayen abin wasa suke ba, ƙera shi suke. Da an yi girbi sai a fere kara, a yi mota da totuwa da ɓawonsa. A lanƙwasa langalanga a yi babbar mota mai sitiyari. Da damina a kwaɓa laka a bakin tafki a gina dawaki da raƙuma a shanya. Da gidajen kallo suka zo da injin wutarsu da kaset ɗinsu, ana biyan dala biyar a zauna bisa tabarma, sai masu ƙira suka sami sababbin gwanaye: Rambo, da Kwamando, da ɗan sandan ƙarfen nan Robokof, wanda ake yankawa daga gwangwanin kifi. Amma laka tana fashewa, kara yana karyewa, gwangwani yana yanka yatsa. Buzu kaɗai ne ba ya mutuwa. Saboda haka shi ne madugu a kowane ayari, shi ne sarkin yaƙi a kowace fafatawa, har an sha ganin Robokof na gwangwani yana faɗuwa gabansa yana neman afuwa.

A bayan cinyarsa akwai ƙananan baƙaƙe da sai an karkata shi ga rana ake karantawa: G.M.F.G.I. 1977, da kuma HONG KONG. Shekaru da dama suka wuce kafin yaron ya san fassararsu. Kamfanin Kenner na birnin Sinsinati a Amurka ne ya sa aka zuba shi a masana'antun Hon Kon, baƙaƙen kuwa na uwar kamfanin ne, General Mills, wanda asalin sana'arsa niƙa hatsi. A 1977 ne fim ɗin Jorj Lukas mai suna Star Wars ya fito, wanda Faransawa suka kira La Guerre des étoiles, wato yaƙin taurari. Kasuwar da ya yi ta ba kowa mamaki, har bikin Kirsimeti na shekarar ya riski Kenner ba ta gama ƙera ko guda ba. Sai ta sayar wa iyaye kwali da takardar alkawarin cewa za a aiko da mutum-mutumi huɗu idan sun samu. Cikin 1978 goma sha biyun farko suka shiga kantuna, kuma Buzun Magariya ɗaya ne daga irin waɗannan goma sha biyu. Kafin a dakatar da su a 1985, an ƙiyasta an sayar da fiye da miliyan 300. Tun kafin haka, a 1964, kamfanin Hasbro ya gane cewa yaro namiji ba zai yarda a ce yana wasa da ƴartsana ba, sai ya fito da sojansa G.I. Joe mai tsawon santimita 30 ya laƙa masa wani suna dabam mai nufin mutum-mutumin fama. Kunyar da ake yi a Magariya, ashe a can ma an yi ta. Bambancin kawai su sun biya masu talla sun canza wa abin suna.

Mahaifin yaron tela ne, mutum mai tsare addini, marar yawan magana. Wata rana yana neman almakashi sai ya buɗe gwangwanin Nido ya tarar da rundunar ɗansa. Bai ɗaga murya ba. Ya zazzage su a tsakar gida ya bi dawakin laka ɗaya bayan ɗaya da diddige, yana cewa ba a gidansa za a tara gumaka ba. Buzu bai shiga hannu ba, domin uwar yaron ta riga ta sunkuya kamar mai tsince tsakuwa ta jefa shi cikin kwallarta ta rufe. Da asiri ya tonu bayan kwana biyu, aka kai magana zauren wani tsohon malami na unguwa. Malamin ya karɓi abin, ya kai shi kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ai wannan ko fuska ba shi da ita. Ya tuna wa telan cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da ƴan tsana a ɗakinta, har da doki mai fukafukai biyu, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito, kuma ba a hana ta ba. Malamai da yawa sun kafa hujja da wannan wajen sassauta wa yara. Ya mayar wa yaron kayansa, ya ce wa uban:

«Bar shi, yaro ne. Ranar da gemu ya fito masa, ka sake kawo mini shi.»

A 2005 aka tura shi Damagaram, lise Amadu Kuran Daga, ya sauka gidan wani ɗan'uwan mahaifiyarsa. Buzu ya bi shi a ƙasan akwati, a ɓoye, domin ɗan lise mai karanta Kamara Lay da Sembene ba ya so a gan shi da kayan yara. Wani dare na 2006, a gidan wani abokinsa ɗan ma'aikaci, aka sa faifan La Guerre des étoiles. Ana cikin kallon hamada, ga rana biyu a sama, ga saurayin fim ɗin Luk yana neman na'urarsa da ta gudu, sai wani abu ya miƙe daga bayan dutse. Gabansa ya faɗi. Shi ne, ba ko shakka: naɗin kan, idanun bututu, ƙayoyin, ɗamarar. Shekara takwas yana riƙe da shi bai san inda ya fito ba, ga shi yau a gidansu.

Abin da ya biyo baya bai kai minti biyu ba. Buzun ya maka wa saurayin kulki, ya ɗaga shi sama yana wani irin kuka da ba na mutum ba, ƴan'uwansa suka shiga wawashe kayan motar. Da suka ji ihun wani tsoho sai suka watse kamar ɓeraye. Ba suna, ba magana, ba dalili. Fim ɗin ya kira su mutanen rairayi, ya wuce abinsa. Abokan kallo suka yi dariya, shi ma ya yi, don kada a tambaye shi. Daga baya ya ga na 2002, inda jarumin ya shiga zangonsu da dare ya karkashe su, maza da mata da yara, kuma abin da fim ɗin ya damu da shi shi ne halin da zuciyar mai kisan ta shiga. Da ya bi diddigi sai abin ya ƙara yi masa ciwo. A Tunisiya aka ɗauki mafi yawan hamadar, wato gefen arewa na wannan Sahara tamu. Gidan Luk wani masauki ne na ƙarƙashin ƙasa a garin Matmata. Sunan duniyar tasu ma daga garin Tatawin aka aro shi. Dabbar da suke hawa giwa ce aka yi wa sutura. Muryarsu kuwa daga kukan alfadarai aka haɗa ta.

Babu buƙatar a ɗora wa Jorj Lukas mugun nufi. Tsohuwar al'adar finafinan kaboyi ya gada, inda ƴan ƙasa suke leƙowa daga bayan tsauni domin baƙo ya sami wanda zai harba. Amma wanda ya taso yana ganin masu amawali suna sauke gishiri a bayan garinsu, yana kai musu ruwa suna ba shi dabino, ba zai kalli wurin nan da idon ɗan Sinsinati ba.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo sai ya ɗauki reza. Ya fara da ƙayoyin ka, ya shafe su tas. Ya kankare bututun idanu har suka koma ƴan ramuka, ya ɗiga musu baƙin fentin keke da tsinken ashana. Ya je wurin masu sayar da rawani ya roƙi gefen turkuɗi, baƙin shuɗin nan mai walƙiya da marinan Kura ta ƙasar Kano suke bugawa tun kaka da kakanni domin Abzinawa, wanda yake barin launinsa a fatar mai naɗa shi. Takobi daga langalangar dila ya fito, an goge shi a dutse. Kube daga ragowar jar fata ta dukawan Birni. Ba wasa yake ba a wannan karo. Amsa yake mayarwa, ko da yake wanda ake mayar wa ba zai taɓa ji ba.

A nan ne ya ci karo da abin da duk mai wannan sana'a yake cin karo da shi, ko a Tokiyo yake ko a Magariya, wato ma'auni. Mutum-mutumin Kenner kashi ɗaya ne cikin 18 na mutum: mai tsawon mita 1 da santimita 80 ya koma santimita 10. Saboda haka duk abin da za a rataya masa sai an raba shi gida 18. Takobi mai santimita 90 ya zama 5. Rawani mai mita 5 ya zama santimita 28 ba kaɗan. Raƙumi mai mita 2 a tozo ya zama 11. Wannan lissafi ne, ɗan aji shida ma ya iya. Wahalar ita ce yadi ba ya bin lissafi. An rage tsawo da faɗi, amma kaurin zare yana nan yadda yake, don haka shaddar da take kwanciya a kafaɗar mutum sai ta tsaya a jikin ɗan roba ƙiƙam kamar an sa masa tabarma, zaren ɗinki kuma ya fito kamar igiyar guga. Sai tsohon ƙyalle da wanki ya cinye, sai a warware zare a ɗauki sili guda, sai a jiƙa naɗi da ruwan ƙaro a matse shi da yatsa har ya bushe a yadda ake so. Rawanin farko sau bakwai yana kwance shi. Rigar kuwa ta gagare shi: wuya a karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya.

Yana zaune da ita a bakin rumfar ɗinki wata la'asar, ya juya baya, sai ya ji inuwa a kansa. Gemu ya fara tsiro masa a lokacin, kuma dukansu biyu suna tune da maganar malamin. Uban ya miƙo hannu. Ya ɗaga Buzu, ya dubi rigar ciki da waje, ya ja tsaki.

«Wa ya yi wannan ɗinki?»

«Ni ne, Baba.»

«A gidan tela?»

Ya zauna, ya sa tabarau, ya farke ta gaba ɗaya. Ya ciro wani farin ƙyalle daga buhun ragowa, ya yanka ba tare da awo ba, ya zaɓi allurar da ta fi kowace siranta. Tun da babu maɓallin da zai yi daidai da wannan jiki, a kan ɗan robar ya ɗinke ta, ya rufe ta baya da ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero, har ya yi mata ɗan aiki a bakin aljihu. Ana kiran magariba ya aje shi bisa keken ɗinki, ya ce, ba tare da ya dubi ɗan nasa ba:

«Ba gunki na yi wa riga ba. Ɗinkinka na gyara, kada a ce daga gidana ya fito.»

Bai sake tayar da maganar ba har Allah ya karɓi ransa a 2015. Wurin malamin ma ba a koma ba.

Wani mushen Faransanci ne a lise, da ya ga abin, ya ba shi labarin Mustafa Alasan, ɗan ƙasar nan, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka, wanda ya zauna a Tawa ya rasu a Wagadugu a 2015. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sa huluna suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. A 1977 kuma, shekarar da Star Wars ya fito, ya yi Samba le grand da ƴan tsanan da aka ƙera da hannu ana motsa su kaɗan-kaɗan gaban kyamara. Saurayin ya ga cewa hanyar da yake bi an riga an taka ta, sai dai shi ta baya ya biyo: can an sa wa ƴan ƙasa kayan Amurka, nan an sa wa ɗan Amurka kayan ƙasa.

Ya shiga aikin koyarwa na kwantaragi a 2011, shekarar da aka cire Dungas daga Magariya aka yi ta gunduma. Daga nan rundunar ta fara yawa. Kasuwar Dole ta Damagaram, kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, Ƙofar Wambai idan hanya ta kai shi Kano: duk inda aka zube karyayyun kayan wasa a ƙasa sai ya tsuguna. Mafi yawansu jabu ne na Sin, kuma babu wanda ya iso da cikakkun gaɓoɓi. Wanda ba shi da hannu a yi masa da ƙarfen lema ko eriyar rediyo. Wanda ya tsage a cike shi da gam mai kama nan take, a barbaɗa toka, ya daskare kamar dutse a goge. Baƙin sarkin yaƙin nan mai numfashi da ƙyar, Dak Bado a bakin masu kallon fassarar Faransanci, ya zo ba alkyabba, aka yi masa ta karammiski. Dodon fim ɗin Predator na 1987 ya sami ja da kore ya zama dogari. Robokof na gaske, da ya samu daga baya, aka ɗora masa hular jandarma. Fada ce sosai, kuma kowa ya san wanda yake zaune a tsakiya.

Masu ganin wannan ɓata kaya ne ya kamata su san yadda aka yi fim ɗin kansa. Kuɗi ba su ishi masu shirya shi ba. Roger Christian, ɗan Ingila mai ƙawata dandali, tarkacen tsofaffin jiragen sama ya saya a kilo ya lilliƙa a cikin kumbon. Takobin hasken Luk mariƙin fitilar wata tsohuwar kyamarar hoto ne mai suna Graflex. Bindigogin tsofaffin bindigogin yaƙi ne aka ƙara musu tarkace. Ƙananan kumbunan da ake ɗauka kuwa an yi musu ado da gutsattsarin tankokin wasa. Aikin ƴan gwangwan ne, aka ba shi lambar Oska a 1978. Yaron da yake yanka gwangwanin kifi a Magariya ya fi kusa da su bisa ga mai kuɗin da ya sayi abin ya kulle.

Domin akwai masu kullewa. Yaran 1978 sun girma sun yi kuɗi, abin wasansu ya zama haja. Kamfanoni irin Hot Toys na Hon Kon, wanda aka kafa a 2000, suna ƙera na manya a ma'aunin ɗaya cikin 6, da fuska kamar ta ɗan wasan, da tufafin yadi na gaske. Tsofaffin na Kenner kuwa darajarsu tana ga rashin taɓawa: wanda ba a taɓa ɓalle kwalinsa ba shi ne sarki, har akwai masu duba shi su ba shi maki bisa 100 su rufe shi cikin akwatin gilashin roba. Abin wasan da yaro bai taɓa wasa da shi ba, shi ne mai tsada. A bar mai karatu ya auna wannan da kansa.

Shi dai malamin bai warware tasa matsalar ba. Rangwamen da aka yi wa yaro ba ya rufe mai gemu, kuma ya sani. Ba ya jera su a fili, ba ya salla akwatin yana buɗe. Sau biyu ko uku a shekara yana kai Buzu aji idan an zo darasin ma'aunin taswira, ya tsayar da shi bisa tebur ya ce a lissafa tsawon takobinsa na gaske, ranar nan ko na bayan aji suna ɗaga hannu suna «Mushe, ni! Mushe, ni!» Yana gaya wa kansa cewa kayan aiki ne. Da dare, idan ya kunna fitila ya ɗauki allura, ya san ba don darasi ba ne.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakoki, kaya suka yi tsada, hanyar Kwatano ta toshe, dila ta yi wuya. An buɗe iyakar Najeriya a watan Maris na 2024, ba a gama numfasawa ba sai ga damina mai ƙarfi, wadda ta kayar da tsohon masallacin Birnin Damagaram a farkon Satumba, ta sa aka ɗage komawa lakkwal zuwa ƙarshen Oktoba. A Magariya ɗakin mahaifiyarsa ya zauna, Allah ya sa tana waje. Ana bukatar bulo da siminti da kwano, albashi kuwa ya yi jinkiri. Ƙanensa, ɗalibi a jami'ar Andre Salifu, ya zo da waya a hannu yana haki.

«Yaya, ka ga wannan? Irin naka ne!»

Labarin gwanjo ne, amma ba irin na kawunsu ba. Cikin watan Agusta na shekarar an yi gwanjon wani mutum-mutumin Kenner a Amurka, samfurin maharbin nan Boba Fett mai harba roka wanda ba a taɓa fitar da shi kasuwa ba, an saye shi dala miliyan 1 da dubu 342 na Amurka, wajen miliyan 800 na sefa. Yayan ya ce ganin Dala ba shiga birni ba ne. Amma ya bari aka ɗauki hoton Buzu gaba da baya, da baƙaƙen cinyarsa, aka aika wa wani mai tara irinsu a Faransa ta hannun wani abokin ƙanen. Daren nan bai yi barci sosai ba. Ya yi lissafin kwano, ya yi na siminti, har ya kai ga rijiya.

Amsa ta zo bayan kwana uku, cikin ladabi. Na gaske ne, in ji Bafaranshen, ba jabu ba. Sai dai irinsa suna da yawa, kuma ko lafiyayye ne, in ba kwali ba kulki ba mayafinsa na roba, abin da zai kawo kaɗan ne. Wannan kuwa an yanke masa ƙayoyi, an kankare idanu, an shafa fenti: abin takaici ne ƙwarai. Shawararsa ita ce a cire tufafin a wanke jikin, wataƙila wani mai neman hannu ko ƙafa na gyara ya saya. A ƙarshe ya ƙara layi guda, yana tambaya yadda aka yi naɗin rawanin ya zauna haka.

Ƙanen ya ce ko kaɗan ɗin ma a karɓa, ya fi babu. Malamin ya ɗauko reza sabuwa, ya kwance rawanin, ya zare takobin ya aje gefe, ya kifa Buzu bisa tafin hannunsa. Rigar ba ta cirowa ta ka, ba ta cirowa ta ƙafa. Hanya guda ce, a bi ta baya a yanke ɗinkin. Farin ya koma ruwan ƙasa, turkuɗi ya bar shuɗi a wuyanta, amma cikin shekara goma sha takwas ko sili guda bai saki ba. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya mayar da rezar cikin takardarta, ya jiƙa yatsa da ruwan ƙaro ya shiga mayar da naɗi.

Ranar kasuwar Dungas ya ja ragon da yake turke domin layya ya sayar, ya aika da kuɗin Magariya aka fara buga bulo. Da ya komo da yamma uwargidansa ta ga aljihun rigarsa ya yi tudu.

«Malam, me ka sayo kuma?»

Wani sojan farin sulke ne, rana ta mayar da shi rawaya, ba kai, hannu guda. Ya aje shi bisa tabarma, ya aiki babbar ƴarsa ta dubo masa marfin biro a cikin jakarsa ta lakkwal.